Dala, Siyasa da Jarin Ɗan Kasuwa

Ranar 29 ga Mayu 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar a jawabin rantsar da shi cewa tallafin man fetur ya ƙare. Ranar 9 ga Yuni aka dakatar da gwamnan Babban Bankin Najeriya, Godwin Emefiele. Kwana biyar bayan nan bankin ya haɗe farashin canji wuri guda, ya bar kasuwa ta yanka wa naira daraja. Dalar da ake samu a banki a kan naira 460 da 'yan kai ta haura 750 kafin watan ya mutu. Duk ɗan Kantin Kwari da ya bayar da kaya bashi a tsohon farashi, sai da ya ji a jikinsa ranar da ya tashi yin sabon sari.

Ba wani boka a lamarin. Dala tana shigowa Najeriya ta ɗanyen mai, da kuɗin da 'yan ƙasa mazauna waje ke aikowa gida, da masu zuba jari. Waɗannan na ƙarshe su ne masu saurin tsorata: zaɓe ya matso, ko an canza gwamnan banki, ko an ƙi barin su fitar da ribarsu, sai su tattara nasu ya nasu. Idan kuma aka ɗaga kuɗin ruwa, su dawo sayen takardun bashin gwamnati. Kafin dalar ta motsa ma, labarin kaɗai ya isa ya sauya farashi a kasuwannin canji na Wapa ta Kano da Zone 4 ta Abuja.

Abin da ya faru a 2024 ya cancanci a tsaya a kansa. A Fabrairu dala ta doshi naira 1,900 a kasuwar bayan fage, jama'a suka yi rububin saye don gudun kada ta ƙara tashi. Sai Babban Banki, ƙarƙashin Olayemi Cardoso, ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 22.75, a Maris ya kai shi 24.75, ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173, ya kuma koma sayar wa waɗanda suka rage dala. Zuwa tsakiyar Afrilu dala ta sauko kusan 1,100. Wanda ya sayi dala 10,000 a kan 1,800, ya kuma matsu ya sayar a 1,150, ya yi asarar naira miliyan 6.5 cikin wata biyu. Abin takaicin, kafin shekarar ta ƙare dalar ta sake wuce 1,600.

To me ya kamata ɗan kasuwa ya yi? Da farko ya raba buƙata da caca. Mai biyan kuɗin kaya a Chaina ko Dubai nan da wata uku ya riƙa sayen dalarsa kashi-kashi, kada ya jira ranar biya, kada kuma ya zuba jarinsa gaba ɗaya ranar da jita-jita ta yi zafi. Farashin kayansa ya ɗora shi a kan abin da zai kashe wajen sake sarowa, domin nan ne uwar kuɗi ke zurarewa mutum yana ganin kamar riba yake ci. Wanda cinikinsa duk a naira yake, cin bashin dala haɗari ne babba. Manyan kamfanoni irin MTN da Nestlé na Najeriya sun bayyana asara a 2023 saboda faɗuwar naira.

Masu fatauci tsakanin Katsina da Maraɗi su tuna sefa a ɗaure take da yuro, a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, don haka yawancin hawa da saukar canjin daga ɓangaren naira yake zuwa.

Matasan da ke cinikin kuɗaɗe a waya su ne hawa da saukar canji ya fi shafa, musamman masu juya ninkin jarinsu da bashin dillali. Misali, ranar 15 ga Janairu 2015 babban bankin Suwizalan ya saki kuɗinsa ba zato, asusun dubban mutane ya ƙone cikin mintuna, wasu dillalan ma suka durƙushe. Mai wannan harka ya rubuta ranakun zaman kwamitin kuɗin ruwa na Najeriya da na Amurka, wanda ke zama sau takwas a shekara, ya rage abin da ya zuba kafin sanarwa ta fito.