Wayar Salula a Aljihu: Shin Tana Rage wa Namiji Haihuwa?

Matan da ke zuwa mana daga Kankia da Kusada sun sha yi mini wannan tambaya a asirce: "Sista, an ce wayar da maigida ke sawa a aljihun wando tana kashe maniyyi, gaskiya ne?"

Waya tana aika saƙo ne da igiyoyin rediyo. Ƙarfinsu bai kai na hasken ɗaukar hoton ƙashi ba, abin da aka tabbatar suna yi wa jiki shi ne ɗan ɗumama shi. To su kuwa maraina ba sa son zafi, shi ya sa Allah ya ajiye su a waje, inda suka fi sauran jiki sanyi da kamar digiri 2.

A 2023 masana a Jami'ar Janeba ta ƙasar Suwizalan sun fitar da binciken samari 2,886. Waɗanda ke amfani da waya fiye da sau 20 a rana, yawan ƙwayoyin haihuwarsu ya gaza da kimanin kashi 21 cikin ɗari idan aka kwatanta da masu taɓa ta jefi-jefi. Amma ba a ga bambanci ba tsakanin mai sa ta a aljihun wando da mai ajiye ta wani wuri. Kuma binciken bai nuna wayar ce sanadi ba. A sa ta a aljihun riga idan hankali bai kwanta ba, ba a yi asarar komai ba.

Abin da ya fi damuna shi ne a ɗora wa waya laifi a bar manyan dalilai: ciwon sanyi da ba a yi maganinsa da kyau ba, hangum da ya sauka maraina bayan balaga, kumburin jijiyoyin maraina, taba sigari, da feshin maganin ƙwari a gona babu kariya. Kusan rabin ma'auratan da ba su samu haihuwa ba, akwai matsala ta wajen miji, amma matar kaɗai muke gani a layi.

Maigida, idan an shekara ana tare babu ciki, ku zo ku biyu. Gwajin maniyyi babu allura. Za a ce ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7 kafin ranar. Idan sakamako bai yi kyau ba, akan sake shi bayan kamar wata 3, domin sabbin ƙwayoyi na ɗaukar wajen kwana 74 kafin su nuna.