Gyara kayanka: amfanin shinge a bayan motar aikin bisashe

Darasinmu na wannan karo a kan bayan mota ne, wato akwatin kat-kat ko akori-kura da muke loda wa magani, dusa, gishirin lasa da ruwa, wani lokaci har da bisashe. Ƙungiyoyi da dama yanzu suna da motarsu, wasu kuma haya suke yi ranar kasuwa. Yadda ake loda motar nan yana iya ɓata aikin wata guda cikin awa biyu. Na san haka domin ya taɓa faruwa da ni.

Abin da ya same mu a hanyar Bermo

Wata shekara, wajen ƙarshen aikin allurar rigakafi, zafi ya fara shigowa, muka tashi daga Dakoro da asuba muka nufi arewa. Da hannuna na loda motar, cikin gaggawa. Akwatin sanyi mai ɗauke da maganin rigakafi, buhun dusa huɗu, bidon gazuwal biyu, kwalin maganin kaska, duk na jera su wuri guda na ja tamfol a kai. Wanda ya san hanyar ya san girgizarta da yashinta.

Da muka isa wajen rijiyar da aka tara mana garke, rana ta ɗaga sosai. Na yaye tamfol, gabana ya faɗi. Akwatin sanyi ya kife, murfinsa a buɗe, ƙanƙara ta narke. Bidon gazuwal ya gangaro ya danne kwalin maganin kaska, kwalba ɗaya ta fashe, maganin ya jiƙa buhun dusa biyu. Mutane kuwa sun koro awaki da tumaki tun kafin gari ya waye, wasu daga nesa.

Ardo ya leƙa motar ya ce, “Likita, kwalaben ai ba su fashe ba, a yi mana mana.” Na ce, “Baba, in na yi muku da wannan, ruwa kawai na tsira wa dabbobinku, ku tafi kuna zaton an kare su.” Ya yi shiru, sannan ya ce, “To, ranar da za ka dawo, ban sani ba ko za su sake taruwa.” Da muka dawo bayan mako guda, rabinsu sun riga sun yi gaba neman ciyawa. Dusar nan kuwa rami muka haƙa nesa da rijiya muka binne ta.

Daga wannan tafiya na kai motar wajen mai walda. Abin da na koya tun lokacin shi zan shimfiɗa muku.

Me ya sa kaya ke yawo a bayan mota

Kayan da ba a tokare ba, duk lokacin da direba ya taka birki gaba suke yi, in ya hau tudu su koma baya, in ya sha kwana su bugi gefe. Ƙa'idar ɗaure kaya da ake bi a Turai tana lissafa cewa a birki mai ƙarfi kaya na tura gaba da ƙarfin da ya kai kashi 80 cikin 100 na nauyinsu. Ke nan buhu mai kilo 50 yana iya danna abin da ke gabansa kamar an ɗora masa kilo 40 lokaci guda. Kwalbar magani ba ta jure wannan, ƙafar ɗan akuya ma haka.

Shinge yana rage filin da kaya ke gudu a ciki. Amma a aikinmu yana da wani amfani da ya fi wannan: yana raba abin da dabba za ta ci ko za a tsira mata da abin da zai iya kashe ta.

Yadda ake yin shingen

Ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Mai walda zai kafa ƙarfe biyu a tsaye a kowane gefen akwatin, ya bar tsaga a tsakaninsu daidai kaurin katako, yadda za a zura katakon daga sama a kuma zare shi in ana son wanke mota. Wasu motocin ma da tsagar suke zuwa, a duba kafin a kashe kuɗi. Katako mai kaurin santimita 3 zuwa 4 ya isa. A goge bakinsa, kada a bar ƙusa ko tsinin ƙarfe da zai huda buhu ko ya yanki dabba. A gargaɗi mai walda ya kula da tankin mai da wayoyin da ke ƙarƙashin akwatin, ya kuma cire kan batir kafin ya fara aiki.

Ni shinge biyu nake sa wa, akwatin ya zama ɗaki uku. Na shafa wa katakon fenti, na gaba kore, na baya ja, domin ko yaron mota da bai iya karatu ba ya gane inda kowane kaya ke zama.

Ɗakin gaba: abinci, ruwa da magani mai tsabta

Ɗakin da ke jingine da mazaunin direba shi ne na kaya masu nauyi da tsabta: dusa, gurya, gishirin lasa, ruwan sha. Nauyi a gaba ya kamata ya zauna, tsakanin tayoyin gaba da na baya. In aka tara shi can ƙarshen mota, gaban motar yana yin sakayau, sitiyari ya ƙi kama ƙasa yadda ya kamata, a cikin yashi kuma baya ya nutse.

Akwatin sanyi, wanda wasu ke kira kula, in motar mai kujerun baya ce, cikin mota ya fi dacewa da shi, a ɗaure shi da bel ɗin kujera. In babu wuri, a sa shi a kusurwar ɗakin gaba, a kan katako ko tabarma ninki biyu, a tokare shi da buhuna, a ɗaure murfin, a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara. Kada ya taɓa ƙarfen ƙasa, kuma a kauce wa ɓangaren da bututun hayaƙi ke bi ta ƙarƙashi. A watannin Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a inuwa a Tawa, Maraɗi da Damagaram, ƙarfen da ke rana kuwa hannu ma ba ya iya zama a kai.

Dalilin wannan kulawa shi ne yawancin magungunan rigakafi tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake tafiya da su. Na ciwon huhun shanu da na annobar awaki da tumaki da ake kira PPR, ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana, zafi na kashe ta, kuma kwalbar da ta mutu da mai rai kamarsu ɗaya a ido. Ruwan da ake narka maganin da shi ma a sanyaya shi kafin a haɗa, in an haɗa kuma a yi amfani da shi nan take, kada ya wuce awa ɗaya zuwa biyu. Akwai kuma magungunan rigakafi na ruwa da daskarewa ke lalatawa, su kada a manna su da ƙanƙara, a sa kwali a tsakani. A karanta abin da aka rubuta jikin kowace kwalba.

Maganin da ya baro ɗakin gwaji na LABOCEL a Yamai cikin sanyi, ya ratsa ɗaruruwan kilomita lafiya, abin takaici ne ya mutu a kilomita 30 na ƙarshe saboda ba a ɗaure akwati ba. Duniya ta kawar da bushiya, an sanar da haka a 2011, kuma an sa 2030 a matsayin shekarar kawar da PPR. Wannan buri a bayan motocinmu yake tafiya.

Ɗakin tsakiya: kayan aiki ko dabba

Ranar aikin allura, nan nake sa igiyoyi, shebur, jak, tabarma da akwatin kayan aiki. Ranar da za a ɗauki dabba, sai a kwashe waɗannan a ba ta wurin, domin tsakiya ya fi ƙarshen mota sauƙin girgiza. A zuba yashi ko tattaka a ƙasa don kada ta zame. A ƙara wa shingen tsawo da raga ko sanduna yadda ba za ta tsallaka ba, a yi mata inuwa amma a bar iska ta shiga.

Dabba ta tafi a tsaye ko a gurfane kan ƙirjinta. Ɗaure ƙafafu huɗu a kwantar da ita kan haƙarƙari tsawon awanni yana kawo kumburin ciki, da yawa ta haka suke mutuwa kafin a kai kasuwa. Rago mai ƙaho kada a haɗa shi da ƙanana ko da tunkiya mai ciki. Marar lafiya kuwa ba ta shiga mota ɗaya da masu lafiya, ko da shinge, domin PPR da ciwon huhu ta numfashi suke yaɗuwa, katako ba ya tare iska. Dabbar da aka sayo a kasuwa a ware ta kwana 21 kafin ta shiga garke. Wadda ta faɗi ta mutu farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko ta dubura, kada a ɗora ta a mota, kada a feɗe ta, a kira likitan dabbobi, domin yana iya zama ciwon saifa, kuma yana kama mutum.

Ɗakin baya: guba, mai da ƙazanta

Bayan jan katako, kusa da ƙofar baya, nan ne mazaunin maganin kaska da na feshi, bidon mai, takalman roba da aka shiga garke da su, da alluran da aka gama aiki da su. Alluran a zuba su cikin tsohon bido mai murfi, a rubuta a jiki. Wannan ɗaki kada ya yi nauyi: bido biyu sun isa, a ɗaure su a tsaye jikin shinge.

A riƙe wannan da kyau: katako yana tare kaya, ba ya tare ruwa. Abin da ya zube zai bi ta ƙarƙashi ya kai ga buhu. Saboda haka kwalaben guba cikin baho na roba nake jera su, da ɗan yashi a ƙasa, da tsumma a tsakaninsu. Buhunan gaba kuma a kan katako suke zama, ba a ƙasa ba. Abincin da guba ko mai ya taɓa ba a shanya shi a ce ya gyaru, binne shi ake yi nesa da rijiya da mashaya.

Lissafin nauyi da ɗauri

Yawancin irin waɗannan motoci abin da suke ɗauka bai wuce tan ɗaya ba, har da mutanen da ke ciki. A duba takardar mota. Ga misali: buhu 6 masu kilo 50, kilo 300 ke nan. Bidon ruwa 4 masu lita 20, kilo 80. Bidon gazuwal 2, kusan kilo 40. Mutum 4, wajen kilo 280. An kai kilo 700 tun ba a ɗora dabba ko ɗaya ba.

Shinge ba ya hana ɗauri. Kaya masu nauyi igiya mai ƙarfi ko ɗamarar kaya suke so, a maƙala ta a ƙugiyoyin akwatin. Robar cikin taya tana miƙewa, ta tamfol ce kawai. Bayan tafiyar rabin awa a tsaya a sake jan igiya, domin kaya na zaunawa su saki. Mutum kuma ba ya zama a kan buhuna ko kusa da bahon guba.

In an dawo gida

A zare katako, a share kashi da yashi, a wanke da ruwa da sabulu, daga gaba zuwa baya, sannan a bi da ruwan jabel a bar shi ya bushe a rana. Jabel ba ya aiki a kan ƙazanta, shi ya sa wanki ke zuwa farko. A yi wankin nesa da inda bisashe ke sha. Motar da ta je kasuwa jiya ta zo rugga yau ba a wanke ba, ita ma mai yaɗa cuta ce.

Shawarata ga ƙungiyoyi, a zaɓi mutum ɗaya da zai duba lodi kafin mota ta tashi, ko da shugaba ne ke gaggawa. In motar haya ce, ku tafi da katakonku da bahonku, ku tokare su da buhuna. In direba ya ga kamar raini ne, ku tuna masa cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah ya ba bisashenmu lafiya, ya kai mu damina mai albarka.