Filin Shawarwari: In ci bashin shekara guda in sayi gida biyu?

 Ni ɗan kasuwa ne a Kaduna, da iyali, har yanzu muna haya. Dillali ya kawo mini gida biyu: na zama a kan naira miliyan 18, da wani mai ciki da falo huɗu a kan miliyan 15, hayarsa miliyan 1.2 a shekara. Miliyan 12 ke hannuna, sai filin da na sa a kasuwa, an taya miliyan 9. Wani banki zai ba ni miliyan 21 na wata 12, ruwa kashi 30 cikin ɗari, in jinginar da takardun gidajen. In karɓa?

Mai karatu, Kaduna

 Kada ka karɓa. Ana cin bashin gajeren wa'adi ne idan akwai dunƙulallen kuɗin da ranar shigowarsa ta tabbata. Haya kuwa ɗigo take yi, wani lokacin ma da "a yi haƙuri sai wata mai zuwa".

Ɗauki alƙalami. Ruwan miliyan 21 a shekara miliyan 6.3 ne, ka ga za a bi ka 27.3. Fili da haya sun kawo 10.2. Ragowar 17.1 daga ina? Daga jarin shagonka, ko banki ya sa gidajen a kasuwa. Ba a gudu ana susar takashi.

Sayi na zaman tukuna. Kuɗinka da na fili sun kai 21, sun ishi gidan har da la'ada da kuɗin lauya. Amma tayi ba ciniki ba ne. Sai kuɗin filin ya shigo hannu. Ba mai gidan miliyan 12, ku rubuta yarjejeniya gaban lauya da shaidu cewa za ka cika 6 cikin wata uku. In ya ƙi, wannan 6 ɗin kaɗai za ka nema. Idan kana gudun kuɗin ruwa, bankunan Jaiz da TAJ suna da murabaha: su saya, su sayar maka da ribar da aka yanke tun farko.

Kafin ka biya ko sisi, a duba takardun a hukumar filaye ta Kaduna, KADGIS. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta wajabta amincewar gwamna kafin sayarwa ko jingina, kuma hakan yakan ɗauki lokaci.

Gidan haya kuwa, kuɗin da kake ba mai gidanka duk shekara ka fara tarawa don sayensa. Allah ya sa albarka.