Inshorar Babur: Wajibcin Bayyana Sauye-sauyen da Aka Yi wa Babur

Da wuya babur ya shekara a hannun ɗan kasuwa yana yadda ya fito daga masana'anta. Wani zai kai shi wurin mai walda a tsawaita kariya domin ɗaukar buhuna. Wani zai ɗaura masa akwatin kai saƙo, wani kuma idan inji ya gaji sai ya sa a ɗora masa wani wanda ya fi na farko ƙarfi. Duk wannan neman halal ne. Amma akwai wanda ya wajaba ya sani kafin a sa hannu a takarda, watau kamfanin inshora. Dalili kuwa shi ne, kamfani yana ɗaukar alhakin babur ɗin da aka bayyana masa a rubuce ne, kuma idan wanda ya yi hatsari ya saɓa da wanda ke cikin takarda, biyan diyya yakan zama abin jayayya.

Tushen ƙa'idar

Cinikin inshora ya bambanta da sauran ciniki. Mai sayen hatsi yana iya buɗe buhu ya duba da idonsa. Kamfanin inshora kuwa sau da yawa ba ya ganin babur ɗin, da abin da mai shi ya faɗa kawai yake yanke kuɗin da za a biya. Sabili da haka aka gina wannan ciniki a kan cikakkiyar gaskiya daga ɓangarorin biyu. Ƙa'ida ce daɗaɗɗiya wadda alƙalin Ingila Lord Mansfield ya fayyace a shari'ar Carter da Boehm a 1766, kuma Nijeriya ta gaje ta tare da sauran dokokin ciniki na Ingila.

Ma'aunin abin da ya wajaba a bayyana shi ne: duk wani bayani da zai sa kamfani ya ƙara kuɗi, ko ya gindaya sharaɗi, ko ya ƙi karɓar babur ɗin baki ɗaya, to bayani ne mai muhimmanci. Dokar inshora ta 2003, wadda sabuwar doka ta maye gurbinta a 2025, ta ɗora wa kamfani nauyin tsara fom ɗinsa yadda zai tambayi duk abin da yake ganin muhimmi ne. Wannan ya nuna matsayin fom a wannan ciniki. Kowace tambaya da ke cikinsa tana da dalili, kuma amsar da aka rubuta ita za a ɗauko ranar da hatsari ya auku.

Sauye-sauyen da ake nufi

Na farko shi ne sauya inji. Takardar inshora tana ɗauke da lambar inji da lambar jikin babur da lambar rajista. Idan an sauya inji, lamba ta sauya, ƙarfin gudu ma yana iya sauyawa, alhali birkin na nan yadda aka ƙera shi domin ƙaramin inji.

Na biyu shi ne duk abin da ya taɓa ƙirar jiki: tsawaita kujera ko kariya, yanke ƙarfe a sake walda, ɗaura akwati, ko mai da babur mai ƙafa uku. Irin wannan aiki yana sauya yadda nauyi ke zama a kan tayoyi da kuma tazarar da babur ke buƙata kafin ya tsaya. Haka kuma, tun bayan janye tallafin man fetur a 2023, masu kekuna masu ƙafa uku da dama sun koma amfani da iskar gas, kuma ɗaura tukunyar gas sauyi ne babba da ya wajaba a ambata.

Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne sauya aikin babur. Babur ɗin da aka yi wa inshora a matsayin na hawan mai shi, daga baya aka ba yaro yana acaɓa ko kai kaya, ya shiga wani aji dabam ko da ba a kwance masa ƙusa ɗaya ba, domin yana yini a kan titi yana ɗauke da rayuka da dukiyar jama'a.

Har ila yau, akwai sauyin da ke amfanar mai babur idan ya faɗa. Na'urar gano inda babur yake tana rage hatsarin sata, kuma hujja ce ta neman sassauci.

Abin da ɓoyewa ke jawowa

Tun daga 1 ga Janairu 2023, Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta tsayar da naira 3,000 a shekara a matsayin kuɗin inshorar da ke kare haƙƙin wanda babur ya yi wa ɓarna, tare da diyyar dukiya har naira miliyan 1. Ta kuma ce cikakkiyar inshora, wadda ta haɗa da sata da gobara da lalacewar babur ɗin kansa, kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar abin hawa.

A ɗauka ɗan kasuwa ya yi wa babur na naira miliyan 1 cikakkiyar inshora, ya biya naira 50,000, amma ya rubuta cewa babu wani sauyi alhali an ɗora babban inji. Ranar da babur ya yi karo, kamfani zai aiko mai bincike, kuma abin da zai fara dubawa shi ne lambobi. Da zarar sun saɓa, kamfani ya sami hujjar ƙin biya ko soke yarjejeniyar. Ɗan abin da aka guje wa ƙarawa ya jawo asarar babur da kuɗin da aka riga aka biya. Ga wanda ke da babura goma ko ashirin a hannun yara, ko mai bayar da su a biya kaɗan-kaɗan, wannan asara tana iya taɓa jari. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Matakan da suka dace

Mai babur ya cika fom da kansa, ko a karanta masa kowace amsa kafin ya sa hannu. Kada ya bar wa dillali ya rubuta abin da ya ga dama. Ya adana rasiɗin inji da na aikin makaniki, ya kuma ɗauki hoton babur ɗin yadda yake a ranar.

Idan sauyin ya zo ne bayan an sayi inshora, sai a rubuta wa kamfani tun kafin a soma aikin, a kuma karɓi takardar ƙarin bayani mai hatimi wadda za a haɗa da ta asali. Maganar baki ba ta zama shaida. Lokacin sabunta inshora a ƙarshen shekara, wajibcin bayyanawa yana dawowa sabo. Kazalika, a gyara takardun rajista su dace da sabuwar lambar inji.

Masu hulɗa da kamfanonin takaful su sani cewa hukuncin ɗaya ne. Can ma asusun na mahalarta ne, don haka wanda ya ɓoye gaskiya 'yan'uwansa ya zalunta.

Tun daga 1 ga Fabrairu 2025 'yan sanda suka soma tsananta binciken takardar inshora a kan hanya. Takarda tana iya wuce shingen bincike lafiya, amma amfaninta na gaskiya sai ranar neman diyya, kuma a ranar bayanin da ke cikinta ne zai yanke ko za a biya.