Dishewar Murya Bayan Tiyatar Maƙoƙo

Jama'a, masu maƙoƙo da yawa suna ƙin tiyata don tsoron kada muryarsu ta tafi. Tsoron nan yana da tushe, amma gudun asibiti ba ya maganinsa. Ku sani cewa a cikin maƙogwaro akwai tantani biyu masu aiki kamar ƙyauren ƙofa: su buɗe a ja numfashi, su haɗu a yi magana. Jijiyoyin da ke motsa su sirara ne ƙwarai, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kuma ta bayan maƙoƙon suke bi. Idan aka ja ɗaya ko ta ƙuje wajen aiki, tantanin ɓangaren sai ya tsaya, murya ta dishe, mutum ya riƙa sarƙewa in ya sha ruwa. Akwai kuma wata jijiya ta sama wadda ke ɗaga murya. Wanda tasa ta taɓu yana hira lafiya lau, amma ladani ko mawaƙi ko malamin aji zai ji ya kasa kai muryarsa inda ya saba.

Wani zai ce, to ai gara ya zauna da maƙoƙonsa. Amsa ita ce, yawancin dishewar ta ɗan lokaci ce. Wata ma daga bututun numfashi ne da ake zurawa lokacin da aka sa mutum barci, kwanaki kaɗan ta wuce. Jijiyar da ta ƙuje takan farfaɗo cikin makonni ko watanni, kuma a hannun likitan da ya saba da aikin, lahani na dindindin bai cika wuce mutum 1 ko 2 cikin 100 ba. Aikin ma ba sabo ba ne, tun 1909 aka ba Theodor Kocher, likitan birnin Bern na Suwizalan, lambar Nobel a kansa. Jinkiri kuwa shi ke ƙara haɗari, domin maƙoƙon da ya girma yana ture jijiyar daga mazauninta, ya danne hanyar iska. In kuma ciwon daji ne, shi da kansa yana iya cinye jijiyar.

Wani kuma zai ce, tunda takan warke, sai a yi haƙuri. Haƙuri ba ya hana bincike. A nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa tantanin kafin aiki, a kuma gaya wa mai tiyata in da murya ake neman abinci. In dishewa ta wuce mako 2 bayan aiki, a koma. Akwai horon murya, akwai allurar da ke matso da tantanin da ya tsaya, akwai ƙaramar tiyatar gyara. Amma wanda numfashinsa ke fita da ƙyar yana ƙara, kada a kwana da shi a gida, a kai shi asibiti nan take.