Amsoshin Tambayoyinku: Tsallakawa Zuwa Zanzibar

Wani mai sauraronmu, wanda ya ƙudura niyyar ziyartar tsibirin Zanzibar, yana tambaya ko ya shiga jirgin ruwan fasinja, ko kuwa mai ɗaukar motoci.

To Malam, daga Darussalam jirgin fasinja mai sauri kan yi kimanin awa 2, alhali kuwa na motoci, saboda nauyinsa da jiran lodi, yakan daɗe fiye da haka ainun. Amma hujjar da ta fi ƙarfi a ganina ta zaɓar na fasinja ita ce, tsohon birnin Zanzibar, mai gidajen dutse da ƙofofin katako masu sassaƙa, lungunansa ƙunci gare su, har mota ba ta iya ratsa galibinsu, ta yadda wanda ya sha ɗawainiyar tsallakowa da tasa zai iske ta zame masa alaƙaƙai. Ko wanne ka zaɓa, ka yi hattara da jirgin da aka cika fiye da ƙima, domin hakan ne ya jawo musibar jirgin ruwan Spice Islander a watan Satumba na 2011. Fasfonka kuma ya kasance a hannu, don ana duba shi a tashar tsibirin.