Yadda Ake Lissafa Rangwame Bisa Rukunin Kaya a Google Sheets da Excel

Mai shagon kayan waya da ke son yin rangwamen Sallah ba zai iya rage kaso ɗaya a kan komai ba. Murfin waya yana da riba mai kauri, don haka yana iya ɗaukar ragin kashi 20 cikin 100. Waya kuwa ribarta siririya ce: idan aka rage kashi 20 a kan wayar Naira 150,000, Naira 30,000 sun tafi, wataƙila har da uwar kuɗi. Shi ya sa kowane rukuni ke buƙatar nasa kason, kuma manhajar Google Sheets ko Excel ta kan waya za ta iya yin lissafin da kanta idan an tsara shafin daidai.

Da farko sai a shirya shafin kamar haka: ginshiƙin A na sunan kaya, B na rukuni, C na farashi, D na kason rangwame, E na farashin ƙarshe. Layi na 1 na kanun bayanai ne, kaya su fara daga layi na 2.

Abin da yawancin masu koyo ke fara kamawa shi ne fomular IF, wadda ke duba sharaɗi ta ba da amsa. A gidan D2 suna rubuta:

=IF(B2="Caja",10%,IF(B2="Murfi",20%,IF(B2="Lasifika",15%,IF(B2="Waya",3%,0))))

Tana aiki, amma tana da wahalar riƙewa. Ranar da mai shago ya yanke shawarar mayar da rangwamen caja kashi 12, dole ya shiga cikin fomular ya gyara, ya sake kwafa ta zuwa duk layukan, kuma a ƙaramin allon waya baka ɗaya da ta ɓace ta isa ta lalata komai. Rukuni biyu ko uku ne iyakar inda IF ke da daɗi.

Hanyar da ta fi ita ce a fitar da kason daga cikin fomula a ajiye shi a ƙaramin tebur. A H2 zuwa H5 a rubuta Caja, Murfi, Lasifika, Waya. A I2 zuwa I5 a rubuta 10%, 20%, 15%, 3%. Sannan a D2:

=VLOOKUP(B2,$H$2:$I$5,2,FALSE)

Ma'anarta ita ce: a ɗauki abin da ke B2, a neme shi a ginshiƙin farko na teburin, a dawo da abin da ke ginshiƙi na 2 na wannan layin. A E2 kuma:

=C2*(1-D2)

Caja ta Naira 6,000 za ta fito 5,400, wayar Naira 150,000 ta fito 145,500. Sai a kwafi D2 da E2 a liƙa su har ƙasa. Daga nan, canza rangwame ya zama gyara gida ɗaya a teburin, duk farashin rukunin su sauya nan take.

Abubuwa biyu a cikin fomular nan suna kama da ado, amma su ne ke tsare kuɗi. Na farko alamar dala. Idan babu ita, yayin da aka kwafi fomular zuwa layi na 3, teburin da take dubawa zai zame ya koma H3:I6, a layi na 4 ya koma H4:I7. Caja ta fita daga teburin ke nan, sai Murfi ya bi ta, har gidajen su cika da #N/A. Alamar $ tana ɗaure teburin a wurinsa.

Na biyu kalmar FALSE, kuma ita ta fi haɗari domin rashinta ba ya yin ƙara. Idan aka bar ta, Sheets da Excel duka suna ɗauka cewa teburin a jere yake daga A zuwa Z, sai su nemi abin da ya fi kusa maimakon ainihin kalmar. A teburin da ba a jera ba, fomular tana iya ɗauko kason wani rukuni ta liƙa wa wani, ba tare da nuna wata alamar kuskure ba. Mai shago ba zai gane ba sai ya ƙirga cinikin yamma. Wanda ke da Excel 2021, Microsoft 365 ko Google Sheets yana iya amfani da XLOOKUP, wadda ke neman ainihin kalma ba sai an gaya mata ba:

=XLOOKUP(B2,$H$2:$H$5,$I$2:$I$5)

Wani lokaci fomula daidai take amma #N/A na fitowa. Sau da yawa laifin allon rubutun waya ne, wanda ke ƙara tazara bayan kalma idan an taɓa kalmar da ya ba da shawara. Ga VLOOKUP, "Caja" da "Caja " abubuwa biyu ne daban, duk da cewa ba ta damu da manya ko ƙananan haruffa ba. Maganinsa shi ne a sa TRIM(B2) a madadin B2. Haka ma "Chaja" ba "Caja" ba ce, don haka rukuni ya zama da rubutu iri ɗaya a ko'ina.

Akwai masu lulluɓe fomular da IFERROR don ta ba da sifili idan ta kasa samun rukuni. Shafin yana yin tsafta, gaskiya ne, amma kuskuren yana nan a ɓoye: kwastoma zai biya cikakken kuɗi a kan kayan da aka tallata masa da rangwame. Gara #N/A ya tsaya ana kallonsa har a gyara. Haka nan a lura da alamar %: wanda ya rubuta 10 zalla a teburi zai ga caja ta fito da -54,000.

Da yake canjin Naira 5 yana wuyar samu, MROUND na daidaita farashi zuwa hamsin-hamsin. Lasifikar Naira 7,300 da ragin kashi 15 tana fitowa 6,205, amma =MROUND(C2*(1-D2),50) za ta mayar da ita 6,200. Idan kuma an rubuta kuɗin sari a ginshiƙin F, to =MAX(F2,C2*(1-D2)) ba za ta bar farashi ya sauka ƙasa da abin da aka saro kayan ba.

Masu amfani da Excel na Faransanci, kamar da yawa a Nijar, za su ga sunayen sun bambanta: IF ita ce SI, VLOOKUP ita ce RECHERCHEV, FALSE kuma FAUX, sannan ana raba sassan fomula da alamar ; maimakon waƙafi.

Idan kayan sun yi yawa, ya fi kyau a mayar da teburin zuwa shafi na daban mai suna Rangwame, domin goge layin kaya na 3 a shafin farko yana tafiya da layin Murfi na teburin. A lokacin fomular za ta koma =VLOOKUP(TRIM(B2),Rangwame!$A$2:$B$5,2,FALSE).